Idan sikila na kisa, me ya hana ta ƙarewa? Aikin Anthony Allison

Tambayar daga wani ɗalibi ne da ke shekara ta biyu a sashen nazarin halittu. Ya ce an koya musu cewa duk siffar gado da ke cutar da mai ita raguwa take yi sannu a hankali har ta ɓace, to ga sikila nan, a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita. Ya kuma ce yana son sanin ainihin abin da masu binciken gado a cikin al'umma suke yi, don yana tunanin bin wannan layi.

Ɗan'uwa, tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce, domin mutumin da ya warware ta farko shi ne misalin da ya fi dacewa da ta biyu. Sunansa Anthony Allison. An haife shi a 1925 a Afirka ta Kudu, ya tashi a gonar mahaifinsa kusa da Gilgil a ƙasar Kenya, ya rasu a Kalifoniya a 2014.

Kafin mu shiga labarinsa, ka gane bambancin da ke tsakanin likita da mai wannan bincike. Likita mutum ɗaya yake dubawa: ga jininsa, ga ciwonsa, ga maganinsa. Mai binciken gado a cikin al'umma kuwa ƙidaya yake yi. Yana son ya san cikin mutum dubu nawa ne ke ɗauke da wata ƙwayar gado, ko adadin hawa yake ko sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya zuwa jikoki, kuma mene ne ke tura shi. Abubuwan da ke turawa ba su da yawa. Akwai sabon sauyi da kan afku a cikin ƙwayar gado, akwai ƙaura da auratayya tsakanin al'ummu, akwai sa'a zalla idan al'umma ƙarama ce, sai kuma zaɓin yanayi, wato wasu su fi wasu rayuwa da haihuwa saboda abin da suka gada. Ronald Fisher da J. B. S. Haldane a Ingila, da Sewall Wright a Amurka, su suka shimfiɗa lissafin wannan tun wajen 1920 zuwa 1930 da 'yan kai. Lissafin ya tsaya da ƙafarsa, amma misali tabbatacce a jikin ɗan Adam babu shi. Na san da an ambaci juyin halitta a wurinmu jijiyoyin wuya sukan tashi. Abin da zan kawo maka a nan ba sai ka shiga waccan muhawara ba, ƙidaya ce da kowa zai iya maimaitawa da biro da takarda.

Allison ya yi karatu a Jami'ar Witwatersrand a Johannesburg, inda Raymond Dart ya koyar da shi, sannan ya wuce Oxford karatun likitanci. Tun yana saurayi ya haɗu da Louis Leakey mai tonon ƙasusuwan mutanen da, abin da ya cusa masa son sanin asalin ƙabilu da dangantakarsu. Da wannan niyya ya bi ayarin ɗaliban Oxford zuwa Dutsen Kenya a 1949. Abokan tafiyarsa tsirrai da ƙwari suke tattarawa, shi kuma jini. Rukunin jini yake nema, irin su A da B da O, don ya gano wace ƙabila ce ta fi kusa da wace. Gwajin sikila ƙari ne kawai, saboda sauƙinsa: ɗigon jini a kan gilashi, a zuba sinadarin da ke zuƙe iskar oksijin, a duba da madubin ƙara girma a ga ko jajayen ƙwayoyin jini sun lanƙwashe kamar lauje.

Wannan ƙarin shi ya zama aikin. A gaɓar teku da kewayen Tafkin Biktoriya ya tarar fiye da kashi 20 cikin 100 na mutane suna ɗauke da sikila. A tsaunukan da ke tsakani kuwa, da busassun yankuna, abin bai kai kashi 1 ba. Kuma rabon bai bi yare ko dangantakar ƙabila ba. Ƙabilu biyu masu harshe kusan ɗaya sai ka ga sun bambanta ƙwarai, biyu da ba su haɗa komai ba sai ka ga adadinsu ya zo ɗaya. A wannan shekarar ce Hermann Lehmann da Alan Raper suka ba da rahoton cewa a cikin Baamba na yammacin Yuganda adadin ya kai kusan kashi 45.

Shekarar 1949 ta yi albarka ga wannan ciwo. A cikinta Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, na mai sikila daban yake da na sauran mutane. A cikinta James Neel ya tabbatar da tsarin gadon da yau kowane mai shirin aure ya sani: wanda ya gaji S, wato ƙwayar gadon sikila, daga uwa da uba shi ne SS mai ciwo, wanda ya gaje ta daga ɓangare ɗaya shi ne AS mai ɗauke da ita lafiya lau. Da aka san haka sai tambayarka ta fito fili. A ƙauyukan Afirka na wancan zamani yaro SS da wuya ya kai shekarun aure. Duk wanda ya mutu ya tafi da S guda biyu. To ina ake samo madadinsu?

Wasu suka ce sauyin ne ke ta sake afkuwa a jikin mutanen Afirka. Lissafi ya ƙi wannan, don sai sauyin ya riƙa afkuwa sau dubbai fiye da yadda aka san ƙwayar gado na sauyawa, kuma a wasu yankuna kaɗai. Wasu suka ce ƙaura ce ta kawo ta daga wani wuri. Ƙaura tana iya bayyana yadda abu ya iso, ba ta bayyana dalilin da ya sa ya zauna daram alhali ana ta asararsa. Allison, wanda shi kansa ya sha zazzaɓin cizon sauro yana yaro, ya lura cewa wuraren da sikila ta yi yawa su ne masu zafi da damshi inda maleriya ba ta yankewa, tsaunukan da babu sikila kuma su ne inda sauro bai samu wurin zama ba. Sai ya yi hasashen cewa AS ya fi AA tsira daga maleriya.

Adalci ya sa in ce ba shi kaɗai tunanin ya zo wa ba. Haldane ya faɗi makamancinsa a 1949 game da talasimiya, wani ciwon jini na gado da ya yawaita a Italiya da Girka. Wani likita mai suna Beet, a ƙasar da yau ake kira Zambiya, ya riga ya lura cewa ƙwayar maleriya ta fi ƙaranci a jinin masu ɗauke da sikila. Abin da ya bambanta Allison shi ne bai tsaya kan hasashe ba. Da ya gama karatu ya koma Gabashin Afirka a 1953 ya gwada maganar ta fuska uku.

Ya duba yara 290 a kewayen Kampala, daga 'yan watanni zuwa shekara biyar. Cikin masu ɗauke da sikila kusan kashi 28 ne ke da ƙwayar maleriya a jini, cikin marasa ita kusan kashi 46. Ya gwada mutum wajen 5,000 daga ƙabilu daban-daban a Kenya da Yuganda da Tanganyika (yau cikin Tanzaniya), taswirar sikila ta hau kan taswirar maleriya mai tsanani, wato irin falsifarum. Na ukun shi ne wanda ba a cika son ambata ba. A Nairobi an sa wa maza 30 'yan ƙabilar Luwo ƙwayar maleriya da gangan, 15 masu ɗauke da sikila, 15 marasa ita. Cikin marasa ita 14 suka kamu, cikin masu ita 2 kacal. An ce 'yan sa kai ne, an kuma yi musu magani daga baya. Amma yardar talaka a ƙarƙashin mulkin mallaka, a gaban Bature mai farar riga, yarda ce da ya kamata a sa mata alamar tambaya, kuma kada ka bari a koya maka wannan sakamako ba tare da an gaya maka yadda aka same shi ba. Ya buga sakamakon a 1954 a mujallar likitocin Birtaniya.

Abin ban sha'awa, wannan gwaji na uku shi ne mafi rauni a kimiyyance. A 1955 Ernest Beutler da abokan aikinsa sun maimaita shi a kan fursunoni a Amurka, ba su ga bambanci mai girma haka ba, sai shakka ta taso. Raper a Kampala da waɗanda suka biyo baya su suka gyara fahimtar. Ashe babbar kariyar ba a hana kamuwa take ba, a hana ciwon yin tsanani take, musamman ga ƙananan yara. Ƙwayar cutar ba ta cika yawa a jinin AS ba, kuma cikin yaran da maleriyar ƙwaƙwalwa ke kashewa da wuya ka samu AS. Binciken da aka yi a Kilifi ta Kenya, wanda aka buga a 2005, ya nuna AS na rage haɗarin maleriya mai tsanani da kusan kashi 90. Wannan ya kamata ya kashe wata magana da ke yawo a gari, wai mai AS ba ya zazzaɓi. Yana yi sarai, kuma gidan sauro da magani sun wajaba a kansa kamar kowa. Shi kuwa SS, maleriya na cikin manyan abubuwan da ke jefa shi cikin haɗari.

Yadda kariyar ke aiki a cikin jini ya ɗan fito fili daga baya. A 1957 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin himoglobin A da S amino asid ɗaya tak ne, wato ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, a gurbi na shida na sarƙar da ake kira beta, inda tubalin da ake kira balin ya maye gurbin gulutamik. Idan ƙwayar maleriya ta shiga jar ƙwayar jinin AS takan ci oksijin ɗin ciki, ƙwayar jinin ta lanƙwashe, saifa ta tsince ta ta hallaka ta tare da baƙuwar. Ƙwayar cutar kuma ba ta girma sosai a irin wannan jini inda oksijin ya yi ƙasa, kuma jajayen ƙwayoyin da suka kamu ba sa manne wa bangon ƙananan jijiyoyi da ƙarfi, wanda mannewar ce ke toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Yanzu ɗauki biro, don nan ne gishirin maganar. Misali ne na ƙirƙira don lissafi, ba sakamakon wani bincike ba. Ka ɗauka an haifi jarirai 1,000 a wani yanki: 766 AA, 218 AS, 16 SS. Kowane yana da ƙwayar gado biyu, jimla 2,000. S nawa ce? 218 daga AS, 32 daga SS, 250 ke nan, ɗaya cikin takwas, ko kashi 12.5. A ce duk SS ɗin sun rasu kafin su haihu, kuma babu maleriya. Saura mutum 984, ƙwayoyin gado 1,968, S kuma 218. Ta sauko zuwa kashi 11. Abin da malaminku ya koya muku ke nan, kuma gaskiya ya faɗa. To dawo da maleriya. A ce ta ɗauke 112 daga cikin AA fiye da rabon da ta ɗauka cikin AS, wato kusan ɗaya cikin bakwai. Saura AA 654 da AS 218, mutum 872, ƙwayoyin gado 1,744. Raba 218 da 1,744, ka ga ɗaya cikin takwas ta dawo cif. Kamar randa ce mai yoyo da aka ajiye a ƙarƙashin indararo, ruwa na fita ta ƙasa yana shiga ta sama, tsayinsa bai canza ba. Ciwon sikila na cire S, maleriya na cire A, adadin ya tsaya inda asarar biyu ta yi daidai. Idan S ta yi yawa, auren AS da AS ya ƙaru, SS su ƙaru, asarar S ta hau. Idan ta yi kaɗan, kusan duk mai ita AS ne, riba ba asara, sai ta hau. Shi ya sa ba za ka samu al'ummar da kowa a cikinta AS ne ba, ba kuma za ka samu yankin maleriya mai tsanani da S ta shiga ta ɓace ba.

Ka kuma lura da abin da adadin ke gaya mana game da kakanninmu. Duk inda ka ga AS ta kai ɗaya cikin huɗu, shaida ce cewa maleriya ta daɗe tana ɗaukar yara masu yawan gaske a wurin, ƙarni bayan ƙarni.

An ga wannan ƙidaya da ido a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike kan maleriya a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yau kuma Jigawa. Alan Fleming, masanin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka duba himoglobin na mutanen, suka buga sakamakon a 1979. Cikin jarirai kusan kashi 2 SS ne, cikin manya kuwa kusan babu su. AS kuma ta tashi daga wajen kashi 24 a jarirai zuwa wajen kashi 29 a waɗanda suka wuce shekara biyar. Ba wanda jinotaip ɗinsa ke canzawa bayan haihuwa. Idan rabon AS ya ƙaru da shekaru, ma'anarsa sauran ne suka fi mutuwa. Duk abin da Allison ya faɗa yana cikin waɗannan lambobi, kuma a ganina kowane ɗalibin nazarin halittu a Arewa ya kamata ya san Garki kafin ya san sunan ƙwarin da ake kawo masa misali da su daga Ingila.

Da irin wannan lissafi za ka iya hasashen yawan jarirai SS ba tare da ka shiga asibiti ba. Idan namiji ɗaya cikin huɗu AS ne, mace ɗaya cikin huɗu AS ce, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS biyu. Kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS ne, wato haihuwa ɗaya cikin 64. Wannan bai yi nisa da kashi 2 da ake samu ba, kuma auren zumunci na ɗan ƙara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Ɗaya cikin huɗun nan kuma a kan kowane ciki yake, ba wai idan an haifi SS ɗaya ukun da ke biye sun tsira ba.

Akwai abin da mutane kan ruɗe a kai game da gwajin jinotaip kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024. Gwajin na rage haihuwar SS, kuma wannan babban alheri ne ga iyalai. Amma ba ya rage S a cikin al'umma. AS da ya auri AA rabin 'ya'yansa AS ne. Ko da an kawar da maleriya gobe, kuma ko da babu SS ɗaya da ke haihuwa, lissafi ya nuna sai an yi zuriya takwas, wajen shekara 200, kafin ɗaya cikin takwas ɗin nan ta koma rabi. Tun da yanzu masu SS suna rayuwa suna haihuwa, alhamdu lillahi, zai fi haka daɗewa. Duk wanda ya ce maka za a shafe sikila cikin shekara ashirin bai yi lissafin ba. Gwaji da kula da masu ciwon abu ne da za a daɗe ana yi.

Ƙofar da Allison ya buɗe mutane da yawa sun bi ta. A 1958 Frank Livingstone ya danganta yaɗuwar sikila a Afirka ta Yamma da noma, don sare daji da zama wuri ɗaya su suka samar wa sauro kududdufai da jama'ar da zai ciza. A Burkina Faso, David Modiano da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa himoglobin C, wani nau'in himoglobin da ake gado, shi ma na kare mutum daga maleriya, musamman wanda ya gaje ta ta ɓangare biyu. Su ne kuma suka nuna tun 1996 cewa Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi da Rimaiɓe juriya ga maleriya, alhali sikila ba ta fi yawa a cikinsu ba, abin da ya juya hankalin masu bincike zuwa garkuwar jikinsu. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan asalin Najeriya da ke aiki a Amurka, sun bi sawun S a cikin jerin ƙwayoyin gado na mutane kusan 3,000, suka kai ga cewa sau ɗaya sauyin ya afku, kimanin shekara 7,300 da suka wuce.

Shi kansa Allison bai tsaya kan sikila ba. Ya nuna alaƙar maleriya da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wani gadon da shi ma ya yawaita a Afirka. Ya yi aiki da Baruch Blumberg kan bambancin furotin na jini tsakanin al'ummu, har da jinin 'yan Najeriya, kuma dabarar da suka fara tare ita Blumberg ya bi har ya gano alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ya samu kyautar Nobel a 1976. Allison ya yi shekaru yana binciken garkuwar jiki a Landan, ya shugabanci cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Nairobi, sannan a 1981 ya koma kamfanin magunguna na Syntex a Kalifoniya. A can shi da matarsa Elsie Eugui suka samar da maganin da ake sayarwa da sunan CellCept, wanda aka amince da shi a 1995, kuma har yau ana ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jiki ya ƙi ta. Tushen wannan ma gado ne: nazarin yara masu wata nakasar gado a garkuwar jiki shi ya nuna masa inda za a taɓa fararen ƙwayoyin jini ba tare da an illata sauran ba.

Game da shawarar da ka nema, abin da ɗalibanmu suka fi gudu shi wannan fanni ya fi buƙata, wato lissafi. Ka riƙe ƙididdiga da ilimin yiwuwa da hannu biyu, ka koyi rubuta umarnin kwamfuta da R ko Python, domin yau yawancin aikin a gaban kwamfuta ake yinsa, ana tace bayanan ƙwayoyin gado na dubban mutane. Bayanai masu yawa a buɗe suke a intanet kyauta, har da na Yarbawan Ibadan da Esan da ke cikin shirin jera ƙwayoyin gadon mutum dubu, za ka iya fara gwada hannunka a kansu tun kafin ka gama digiri. Ka nemi labarin shirin H3Africa na binciken gado da lafiyar mutanen Afirka, da cibiyar binciken ƙwayoyin gadon cututtuka ta ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede ƙarƙashin Christian Happi, don ta irin waɗannan hanyoyi ake samun horo. Idan lokacin aikin kammala digiri ya zo, ka nemi izinin kwamitin ɗa'a ka samu rajistar jinotaip ta wani asibiti ko ɗakin gwaji, ka raba mutanen bisa shekarunsu, ka lissafa SS nawa ya kamata a gani, ka gwada da nawa aka gani, ka kuma tuna cewa masu zuwa asibiti ba su ne hoton dukan gari ba.